In naka ya yi aika-aika cikin fushi: yadda ake bin maganar "tunzura shi aka yi" daga caji ofis har kotu

Duk shari'ar duka ko sara ko kisa da ake yi a kotunanmu, in ka tsaya a bakin ƙofa ka saurari dangin wanda ake tuhuma, magana ɗaya zaka ji suna ta nanatawa, ai shi ya fara, ai tsokanarsa aka yi, ai da bai zagar masa uwa ba da duk haka bata faru ba. Kuma sau da yawa gaskiya suke faɗa fa. Matsalar dai ita ce abin da muke kira tsokana a unguwa daban, abin da alƙali zai karɓa ya rubuta daban, kuma galibin mutane basa gane haka sai ranar yanke hukunci, lokacin an riga an sayar da gona an biya lauya an yi shekara huɗu ana jigilar abinci gidan yari. Toh wannan bayanin na wanda ɗansa ko ƙanensa ko 'yarsa ke hannu ne, don ya san inda zai sa ƙarfinsa tun da wuri.

Fara da sanin me maganar take saya maka, don kar ka ɗora buri inda babu. Tunzurawa bata wanke mutum. Ko kusa. Abin da take yi shine ta sauko da laifin daga babban mataki zuwa na ƙasa da shi. A dokar Final Kod da jihohin Arewa da Abuja ke aiki da ita, sashe na 221 shine kisan kai mai hukuncin kisa, kuma in kotu ta kama mutum a ƙarƙashinsa hannun alƙali a ɗaure yake, ko da yana jin tausayi har ransa ba shi da wani hukunci da zai bayar sai rataya. Amma sashe na 222(1) ya ce in mutum ya yi kisan ne a lokacin da hankalinsa ya gushe, ya kasa mallakar kansa saboda tunzurawa mai tsanani kuma ta ba-zata, to ba kisan da ake kashe mutum a kansa bane, sai a koma sashe na 224, wanda ya ba alƙali dama daga ɗaurin rai da rai har ƙasa, shekara goma, biyar, abin da ya ga ya dace, ko tara, ko duka biyun. Kaga tazarar ai ba kaɗan bace, tsakanin igiya da shekara bakwai. Haka ma in ba a mutu ba rauni ne kawai: jin ciwo na yau da kullum shekara ɗaya ne a sashe na 246 amma in da tunzurawa wata ɗaya ne a 244, mummunan rauni irin karaya ko asarar ido shekara bakwai ne a 247 amma da tunzurawa bai wuce huɗu ba a 245. Wasu jihohin sun sake rubuta nasu kundin, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassan sun canja, don haka ka sa lauya ya nuna maka na jiharku, amma ƙashin bayan maganar ɗaya ne.

Yanzu ranar farko, wadda ni a ganina ita ce rabin shari'ar gaba ɗaya.

In ya gudu ya ɓuya ku nemo shi ku kai shi da kanku, tare da lauya in da hali. Gudu ba shi ne ke tabbatar da laifi ba amma yana ɓata labari, ga kuma dangin mamaci da zuciya ke tafasa, caji ofis ya fi masa tsaro fiye da gidan kawunsa a ƙauye. Kafin a wanke komai ku duba jikinsa. In akwai sara a hannu, kumburi a ka, riga a yage, a ɗauki hoto da waya ranar, a nemi 'yan sanda su kai shi asibitin gwamnati likita ya rubuta, don bayan wata shida raunin ya warke tabo kawai zai rage kuma mai gabatar da ƙara zai ce tabon tun na yarinta ne. Ku rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu, mai shayi, mai cajin waya, yaran da ke zaune a dakali, da lambobinsu, saboda mutanenmu da sun ji kalmar kotu sai kowa ya ce shi lokacin ya shiga masallaci.

Sai sitatimen. Nan ne baki ke yanka wuya. Yaro yana cikin ruɗu, bai yi barci ba, wataƙila ya sha mari, ɗan sanda na tambaya da Hausa yana rubutawa da Turanci, a ƙarshe a ce dangwala nan, kuma abin da ke kan takardar bai wuce layi biyar ba: mun yi faɗa, na ɗauki wuƙa, na soke shi, ya faɗi. Shikenan, duk abin da ya faru kafin wuƙar ya ɓace, kuma wannan takardar ce za ta bi shi har Kotun Ƙoli. In bayan shekara uku ya tsaya a akwatin shaida ya ce ai sai da ya shaƙe ni ya tofa min yawu, alƙali zai tambaya me ya hana ka faɗa tun farko, ya ɗauke shi a matsayin shirin da aka kitsa daga baya. Doka ta bashi kariya a nan, sashe na 35(2) na kundin tsarin mulki ya ce yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 kuma a sashe na 15 da 17 ta tanadi a ɗauki bayanin a gaban lauyansa ko jami'in Legal Aid, wato hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, a naɗi bidiyo in amsa laifi zai yi, a kawo tafinta in baya jin Turanci, jihohi ma sun yi tasu, Kaduna 2017, Kano 2019. Ku nemi a rubuta da Hausa yadda ya faɗa sannan a fassara, a karanta masa kafin ya sa hannu. In baku da kuɗin lauya ku je ofishin Legal Aid na jiha, tun 1976 aka kafa hukumar don irin wannan, kuma laifin kisa na cikin abin da suke karɓa.

Kuma dan Allah kar wani ya zauna ya tsara masa ƙarya. Ba don wa'azi kawai nake faɗa ba, ƙarya bata jure tambayoyin lauyan gwamnati, in ta fashe a wuri ɗaya har gaskiyar da ke ciki sai ta tafi da ita. Abin da ake so ya faɗi gaskiya cikakkiya dalla dalla: ainihin kalmomin da aka faɗa masa ko da batsa ce, wa ya fara kai hannu, ina makamin yake kafin faɗan, sau nawa ya kai sara, me ya yi bayan nan, ya nemi taimako ne ko ya juya ya tafi.

Dalilin da ya sa na ce dalla dalla, saboda tambayoyin da alƙali zai auna kenan, kuma gara ku fara auna su a gida tsakaninku da Allah kafin lauya ya ci kuɗinku da alkawari.

Ta farko lokaci. Minti nawa tsakanin tsokanar da aika-aikar? In an mare shi a kasuwa nan take ya rarumi abin da ke kusa ya kwaɗa, wannan hanya a buɗe take. Amma in ya koma gida, ya buɗe ɗaki, ya ɗauko adda, ya hau mashin ya dawo yana tambaya ina wane, to duk wannan tafiyar kotu na lissafa ta a matsayin lokacin da ya isa zuciya ta huce, abin da ya yi ya zama ramuwar gayya. Babu wani adadin mintoci da doka ta yanka, yanayi ake dubawa, amma da zarar an ji kalmar "ya je ya dawo" maganar ta yi rauni ƙwarai. Shi ya sa asalin makamin ke da muhimmanci haka. Fartanya a hannun manomi a gona, wuƙa a hannun mahauci a teburinsa, taɓarya a hannun mace a tsakar gida, duk waɗannan suna wurinsu ne. Wuƙa a ƙugun saurayi a gidan kallon ƙwallo kuwa sai ya yi bayanin me ta je yi.

Ta biyu girman tsokanar, kuma ba da zuciyarsa shi kaɗai ake aunawa ba. A ce ai wane dama baya da haƙuri, ko ai ya sha ƙwaya ne ranar, wannan bai taimaka masa da komai ba. Ana tambaya ne shin mutum mai hankali irinsa, mai irin matsayinsa da tarbiyyarsa da muhallinsa, zai iya fita hayyacinsa in an yi masa haka? A nan kotunan Najeriya sun ɗan yi la'akari da al'ada, a shari'ar Ruma da En'e, wato hukumar gargajiya, ta Daura a 1960 an yarda cewa kiran Musulmi kare na iya kaiwa ga tunzurawa. Amma kar ka ɗauki wannan ka ce kowane zagi ya isa, galibin shari'o'in da aka dogara da baƙar magana kaɗai faɗuwa suke, musamman in aka zo tambaya ta uku, wato daidaito tsakanin abin da aka yi masa da abin da ya mayar. An zage ka ka yi mari, kowa ya gane. An zage ka ka yi sara goma sha biyu har da bin mutum bayan ya faɗi, babu alƙalin da zai kira wannan gushewar hankali ta ɗan lokaci. Rahoton likitan da ya duba gawa shi ke yanke wannan, don haka ku tabbatar lauyanku ya karanta shi da kyau tun kafin a fara zama.

Akwai kuma abubuwan da ko an kawo su basa shiga sam. In kai ka je ka tono faɗan don ka samu hujja, babu. In ma'aikacin hukuma ne ke aikinsa bisa doka, kamar ɗan sanda ya zo kamu ko ma'aikacin kotu ya zo zartar da hukunci, babu. In wancan kare kansa yake daga gare ka, shima babu, duk ukun nan suna sashe na 38. Zargin maita ma haka, tun shari'ar Gadam ta 1954, mutumin da ya kashe wata tsohuwa da fartanya don ya yi imani ita ta kama matarsa, kotu ta ce ko da ya yarda da hakan har zuciyarsa ba hujja bace da hankali zai karɓa. Sai kuma "an ce ya ce". A 1999 a ƙauyen Kardi na jihar Kebbi an kashe wani mutum bisa jita-jitar cewa ya yi ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda aka kama suka kafa hujja da tunzurawa, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 2007, kotun ta tabbatar da hukuncin kisa, ta ce babu wanda ya ji maganar daga bakin mamacin a cikinsu, labari aka kawo musu, sannan suka nemo shi, kuma ko a shari'ar Musulunci hukunci aikin hukuma ne ba na ɗaiɗaikun mutane ba. Wannan ƙa'idar ta shafi har ƙananan abubuwa, wanda aka kawo wa gulma cewa an ga matarsa da wane, ko aka turo masa hoton hira a WhatsApp ya kwana yana juyi da safe ya fita nema, duk layi ɗaya suke.

Bayan caji ofis fayil zai wuce sashen binciken manyan laifuka na jiha, daga nan a kai shi gaban majistare. Mutane da yawa na zaton shari'a ta fara kenan, a'a, majistare bashi da hurumin sauraren kisan kai, ajiye shi kawai zai yi a gidan gyaran hali har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Toh wannan shawarar ita ce wurin da dangi ke sakaci. Lauyoyin gwamnati ne ke duba fayil su yanke ko 221 za a caje shi ko 224, kuma abin da ke cikin fayil kawai suke gani. In rahoton raunin jikinsa da bayanan shaidunku na ciki, ana iya saukar da cajin tun daga nan ba sai an yi shekaru ana fafatawa ba. Lauya na iya rubuta musu takarda ya ja hankalinsu, kuma dole wani ya riƙa bibiya don fayil na iya kwanciya a kan tebur har a manta da mai shi. Sabbin dokokin ma sun buɗe ƙofar yarjejeniya, mutum ya amsa ƙaramin laifin a sauke masa babban, da sanin dangin wanda aka kashe. In shaidu sun yi masa yawa wannan ba abin kunya bane a tattauna.

In an je babbar kotu, zauna da lauya ku tsayar da magana ɗaya. "Ba ni na yi ba" da "tunzura ni aka yi" basa tafiya tare, wanda ya ce tunzura shi aka yi ai ya riga ya amsa cewa hannunsa ne. Gaskiya ne kotu wajibinta ne ta duba duk wata kariya da ta bayyana a cikin shaidu ko da lauya bai ambata ba, amma sai in ta bayyana ɗin, alƙali bazai ƙirƙiro maka ita ba. Sannan kar lauya ya tsaya kan 222(1) kaɗai, akwai maƙwabtanta biyu da sau da yawa sun fi dacewa da irin rigimarmu. Ɗaya 222(2), mutum yana kare kansa da gaske amma ya wuce gona da iri. Ɗaya kuma 222(4), faɗan ba-zata da ya tashi nan take ba tare da shiri ba, kuma bai yi amfani da wata dama ta zalunci ko mugunta ta daban ba, a wannan ma ba ruwan doka da wanda ya fara. Rigimar layin mai, rigimar iyakar gona, rigimar 'yan kasuwa kan ciniki, yawancinsu nan suka fi zama. Kare kai cikakke kuwa shi in ya tabbata sallama ce gaba ɗaya, amma sharuɗɗansa sun fi tsauri.

Shari'ar Sunday Jackson ta Adamawa ta nuna yadda layin yake da siriri. Manomi ne a yankin Numan, a 2015 ya ce wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gona ya ji masa rauni, suka yi kokawa ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya. Babbar kotu a Yola ta yanke masa kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris 2025, rinjayen alƙalan suka ce da ya ƙwace wuƙar haɗarin ya kau, Mai shari'a Helen Ogunwumiju ita kaɗai ta saɓa ta ce kare kansa ya yi. Daga baya gwamna Fintiri ya yi masa afuwa a ƙarshen 2025. Mutane sun ja maganar ta ɓangaren ƙabila da addini, ni ba nan nake ba, shi ma wanda ya mutu ɗan wasu ne kuma ba ya nan balle ya ba da nasa labarin. Abin lura ga mai bin shari'a shine duk hukuncin ya rataya ne kan 'yan daƙiƙoƙi, kafin ƙwace wuƙa da bayan ƙwace wuƙa, da kuma abin da aka rubuta a bayaninsa na wurin 'yan sanda. A nawa ganin irin wannan ko ba a sallami mutum ba wurinsa 222(2) ne, kuma aibin dokar kenan, da ta sa kuskuren auna daƙiƙa biyar ya zama bambancin rai da mutuwa ba tare da ta bar wa alƙali wani tsani a tsakiya ba in ya riga ya ce 221.

In kuma a kotun shari'ar Musulunci maganar take, to lissafin ya juya gaba ɗaya, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. A fiƙihun Malikiyya fushi baya mayar da kisan ganganci ya zama na kuskure, asali ma duka cikin fushi ko gaba shine alamar ganganci ko da da sanda ne, ba sai da makami ba. Ƙofar sauƙi a can tana hannun waliyyan mamaci ne, su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe, kamar yadda aya ta 178 a Baƙara ta buɗe, kuma ko sun yafe Risala ta ce a yi masa bulala ɗari a tsare shi shekara, banda kisan gilla wanda shi babu yafiya a cikinsa. Wannan saɓanin ba yau ya fara ba, shi ne ma ya haifi Final Kod ɗin. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani Tsofo Gubba hukuncin kisa kan kashe kwarton matarsa, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin don a dokar Turawa tunzurawa ce, sarakuna da alƙalai suka ji zafin abin, aka yi ta ja-in-ja har shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato a 1957, daga ƙarshe gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin alƙalin alƙalan Sudan Abu Rannat, aka ɗauko tsarin dokar Sudan aka gyara, ta fara aiki 30 ga Satumba 1960. Don haka tun farko ka tambaya a wace kotu kuma da wace doka, kar ka je kana roƙon abin da babu shi a littafin da ke gaban alƙalin.

Ko a wace kotu ce dai, ku je gidan mamaci. Ba ranar ba, kuma ba ku kaɗai ba, ku bi ta hannun mai unguwa ko dagaci ko limamin da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ku yi ta'aziyya tsakani da Allah, kar ku je da maganar ai naku ne ya fara, wallahi wannan kalmar ta rusa sulhu ba adadi. In rauni ne ku ɗauki kuɗin asibiti tun ba a tambaya ba, ƙananan laifukan rauni doka ta yarda a sasanta da izinin kotu. Kisa a babbar kotu kam yafiyar dangi bata kashe shari'ar, gwamnati ce mai ƙara, kwamishinan shari'a ne kaɗai ke da ikon janyewa, amma takardar yafiya na da nauyi wurin sauke caji, wurin yanke yawan shekaru, da wurin neman afuwa daga baya. Kuma ku bambanta sulhu da toshe bakin shaida, na biyun laifi ne mai zaman kansa.

Akwai inda nake ganin dokar nan bata yi adalci ba kuma ya kamata mai 'ya mace a hannu ya sani. An gina ta ne kan irin fushin da ke tashi fat ɗaya, irin na maza a dandali. Matar da ta shekara takwas tana shan duka, ta kai ƙara gida an ce ta yi haƙuri ta koma, ranar da tura ta kai bango ta jira ya kwanta, ita a idon sashe na 222(1) ta samu lokacin hucewa, mai saurin hannu kuwa da bai taɓa haƙurin minti ɗaya ba shi ke samun rangwame. Ingila inda aka gado tunanin sun soke tsohuwar kariyar da dokar 2009, suka cire sharaɗin ba-zata, suka shigar da tsoron mummunan duka, suka kuma ce cin amanar aure shi kaɗai ba hujja bane. Mu har yanzu muna kan ta 1960. Abin da lauya zai iya a nan shine ya shigar da tarihin gaba ɗaya cikin shaida, katin asibiti, ƙarar da aka taɓa kaiwa wurin Hisba ko mai unguwa, maƙwabtan da suka sha raba su, sannan ya nuna abin da ya faru a ranar ta ƙarshe, don a auna shi da nauyin abin da ya gabace shi ba shi kaɗai ba.

In Allah ya sa an sauko 224 ko laifin rauni ne, kar ku saki jiki, saura zaman yanke hukunci, kuma nan alƙali ke da faɗin hannu. Za a tambaye shi ko yana da abin cewa. Yawanci sai ka ji an ce ina da mata biyu da 'ya'ya tara a yi min sassauci, alƙali ya ji wannan sau dubu. Ku shirya abin da za a iya nunawa: bai taɓa laifi ba, shi ya kai kansa, shi ya nemi mota aka kai wanda ya ji rauni asibiti, an biya magani ko diyya ga takarda, ga mutumin kirki da zai tsaya ya faɗi halinsa, ga shekarun da ya riga ya yi a tsare a nemi a lissafa su cikin hukuncin. Ya nuna nadama da bakinsa, kar ya tsaya yana sake zargin mamaci a gaban 'yan'uwansa.

In kuma hukunci ya zo da nauyi, ranar za ku fara lissafin kwanaki. Daga majistare zuwa babbar kotu kwana 30 ne, daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90, daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. In lokaci ya wuce ana iya roƙon ƙari amma sai da dalili, kuma wani kuɗin ne da wani jiran. Ku nemi kwafin hukuncin da na duk zaman da aka yi, don kotun sama bata sake jin shaidu, takarda take karantawa, abin da za a nema a ciki shine ko alƙalin ya duba maganar tunzurawa da faɗan ba-zata da wuce iyaka wurin kare kai ɗaya bayan ɗaya ko tsallake su ya yi, in ya tsallake alhali akwai shaida a kai to kotun sama na da ikon mayar da 221 ya koma 224. Ba a zartar da hukuncin kisa matuƙar ƙara na gaban kotu. In duk an ƙure sai afuwa, sashe na 212 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna iko kan laifukan dokar jiha bayan ya ji shawarar kwamitin jinƙai, takardar ana bi da ita ta hannun hukumar gidan gyaran hali ko lauya zuwa ma'aikatar shari'a, a haɗa da rahoton halinsa a tsare da takardar yafiyar dangin mamaci in an samu, kuma in ba a dace ba a wannan zagayen ana sake turawa.